Hunturun da Orozali Ya Kwance Inji

Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. A wurinmu matar da aka auro ba ta faɗin sunan mazan dangin mijinta, sai dai ta laƙaba musu wani. Sunansa Orozali, rubutawa na yi ba furtawa ba, kuma ƙanin mijina ne. Tun satin da aka kawo ni gidan na ga yadda yake ɓata rabin safiya wajen ɗaura sirdi, na raɗa masa Sannu-Sannu, sunan ya bi shi har furfura. Shi kuma Jene yake ce mini, kamar yadda kowane ƙani yake kiran matar wansa.

Direba ne. Tun yana saurayi gonar gwamnati ta damƙa masa babbar mota shuɗiya, sabuwa fil, yana jigilar ciyawa da gawayi da ulu. A gaban motar nan ya ɗauko amaryarsa Burulkan daga ƙauyensu da ke bayan mashigar dutse. Ranar da gonar ta watse aka zo rabon kaya, maza suna ta cacar baki a kan tumaki da dawakai, shi kuwa ya je ya dafa motar ya tsaya. Aka ce to, ɗauki abarka. Allah bai ba su haihuwa ba, mutanen gari kuma ba sa rasa abin faɗa, suka ce ai ga 'yarsu can a ƙofar gida tana shan fetur.

A kakar da nake ba da labarinta aka dawo da Burulkan daga asibitin birnin Narin da jakar magunguna. Likita ya ce a kai ta gida, a ba ta duk abin da ranta yake so. Kowa ya gane maganar. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa: ganin gida. Tun rasuwar uwarta ba ta sake taka ƙauyensu ba, kullum sai baɗi, in ba haihuwar tumaki ba yankan ciyawa. Wanta Sagindik kaɗai ya rage mata a can. Ta ce tana so ta gan shi, ta sha daga idon ruwan da ke bayan gidan ubanta, shi ke nan.

Ana shirin tafiya, Sannu-Sannu ya je kwaso ciyawar ƙarshe, injin ya buga a hanya. Da tarakta aka jawo motar gida.

Maƙwabcinmu Mamirbai yana da ƙaramar mota. Da yamma ya shigo ya durƙusa ya gai da Sannu-Sannu.

"Dattijo, ga motata. Gobe da safe in kai ku, kafin dusar ƙanƙara ta rufe mashigar."

"A wannan gwangwanin?" in ji Sannu-Sannu. "Matata ba buhun dankali ba ce. Motar da ta kawo ta ita za ta mai da ta."

Na ce, "Sannu-Sannu, ka ji tsoron Allah. Ƙarfe kake yi wa kara ko mutum?"

"Jene, sati biyu ne fa. Na san ciwonta."

"Ciwon wa? Na motar ko na matar?"

Burulkan ce ta ja haɓar rigata daga kan gado. "Ƙyale shi, Jene. In na sauka daga motar wani a ƙofar gidanmu, me dangina za su ce game da shi?"

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Kafin sati biyun nasa su cika, mashigar ta toshe.

A tsakar gida ba a riƙe sifana da hunturu, don sanyi manne wa fata take. Don haka ya tara maza, suka rataya injin a sanda da sarƙa, suka shigo da shi ɗakin kwana suna nishi. Burulkan ta sa na naɗe dardumarta ta ulu, wadda ta yi da hannunta, ya shimfiɗa tsofaffin zannuwa ya fara jera kayan ciki. Kowane noti yana kusa da ɗan'uwansa, wanda ya taɓa kuwa ya shiga uku. Fistoci suka koma cikin bahon wankinta, jiƙe da kalanzir. Shayi ya ɗauki warin baƙin mai, burodi ma haka, har kyanwar gidan ta yi ƙaura zuwa wurina.

Kullum ina can, don ni nake yi mata girki, shi ya sa tsohuwa kamata ta san sunan ringi da bawul. Yakan zauna dirshan ya sa bawul a raminsa da ɗan maiko mai gari-gari, ya riƙa murza sanda tsakanin tafukansa kamar mai burga miya. Bawul ɗaya sai ya ci masa yini. Ya ɗaga ya duba a hasken taga, ya girgiza kai, ya koma. Gaskit da kansa ya yanka, yana bin gefen ƙarfe da ƙaramar guduma, ƙwas ƙwas ƙwas. Aka kawo masa ringi daga Narin, ya ce sun yi sako-sako, a mayar. Babbar sandar injin ya aika birni aka goge, da ta dawo ya bi ta da farce, ya ce a sake.

Gadon Burulkan yana kusa da murhu, daga nan take kallonsa. Ta koyi sifanonin har tana miƙa masa wadda yake nema kafin ya tambaya.

"Tsoho," ta ce wata rana, "da ka taɓa shafa kaina yadda kake shafa fistin nan, da tuni na warke."

"Ke ai ba kya yoyon mai, Tsohuwa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya fita ɗebo gawayi na ce mata ni fa na gaji da ganin wannan wauta. Ta kalli ƙofa ta ce, "Jene, rayuwata duka a bakin taga na yi ta, ina sauraron ƙarar motar nan. Bana ne kaɗai na same shi a ɗaki." Sai kuma ta ƙara da cewa, "Amma ina so in ga gida." Na juya mata baya na yi kamar ina gyara wuta, don kada ta ga fuskata.

In wanta ya kira ta a waya, sai ta gyara murya ta ce lafiya lau take, suna nan zuwa da zarar hanya ta buɗe.

Hanya ta buɗe, ƙanƙara ta narke, motoci suka fara hawa mashigar, inji kuwa yana nan a ɗaki ba kai. Zoben Burulkan ya fara zamewa daga yatsarta. Mamirbai ya sake zuwa, aka sake sallamarsa. Na tare Sannu-Sannu a bakin ƙofa na gaya masa maganar da ba ta dace a gaya wa namiji mai furfura ba. Bai musa mini ba. Ya ce, "Jene, sannu-sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba. Ita tana da daɗewar?" Idanunsa suka kaɗa, ya koma ciki. Daga ranar ya daina cin abinci a zaune.

Ranar da aka mayar da injin cikin mota rabin gari ya hallara. Ya cika lagireto da ruwan rafi, ya zura hannun tayarwa a gaba ya juya. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. A juyi na gaba ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, sannan ƙarar ta daidaita, lafiyayya, ba ko gargada. Yara suka yi ta ihu. Ya tsaya da kunnensa kusa da ƙarfe, hawaye na bin gemunsa, bai damu da masu kallo ba.

Ba a kama doguwar hanya a wurinmu sai dattawa sun sa albarka. Ya yanka tunkiya, aka cika gida, aka miƙa wa babban dattijo kan tunkiyar. Burulkan ta sa na ɗaura mata farin kallabinta, aka jingina ta da matasai, ta zauna cikin mutane har aka shafa addu'a. Aka tsayar da tafiya washegari da safe. Na koma gida na soya ƙullin fulawar da za ta kai tsaraba.

Tsofaffin motocinmu ruwa zalla suke sha. Muddin akwai sauran sanyi, direba ba ya shiga ɗaki da yamma sai ya buɗe 'yan famfo biyu, ɗaya a gindin lagireto ɗaya a jikin inji, ruwan ya tsiyaye tas, da safe a zuba mai zafi. Sannu-Sannu ne ya koya wa rabin direbobin garin nan wannan, har da ranƙwashi. Amma a ranar, baƙi suna watsewa numfashin Burulkan ya sarƙe, zaman da ta yi ya fi ƙarfinta. Ta riƙe hannun rigarsa ta ƙi saki. Ya zauna a gefenta yana jira ta yi barci, barcin ya kwashe su tare. Sama kuma ta washe, irin daren da sanyi yake daskarar da ruwa.

Da safe na fito da ƙullin tsaraba na ga ciyawa ta yi fari, ruwan bokiti ya daskare. Na same shi tsaye gaban motar, murfin a ɗage, butar ruwan zafi a hannunsa tana tururi. Jikin injin ya tsage, tsawon taƙi guda, ƙanƙara ta leƙo ta tsagar. Irin wannan ba ta ɗinkuwa.

"Jene," ya ce, "ban buɗe famfo ba."

Duk baƙar maganar da na tanadar masa tun kaka ta gudu daga bakina. Tausayinsa ya kama ni. Ya ajiye butar a ƙasa, ya cire hularsa, ya nufi gidan Mamirbai da ita a hannu.

Mamirbai bai ko ƙarasa shayinsa ba, ya kawo mota har bakin ƙofa. Muka naɗe Burulkan da bargo muka ɗauko ta, kafin mu kai ƙofar motar ta some. Malamar asibitin garinmu ta zo ta duba ta, ta ce saboda tsawon dutsen iskar mashigar ta yi mata kaɗan, ba za ta kai sama da rai ba. Muka mai da ita gado. Da ta farfaɗo ba ta tambayi motar ba, ko sau ɗaya. Satin bai ƙare ba ta cika.

Aka kafa bukkar ulu a tsakar gida bisa al'adarmu, aka shimfiɗe gawar a ciki, mu mata muna zaune da ita, maza suna tsaye a waje. Ba a binne mace sai danginta sun iso. Sagindik ya baro gida da hantsi a motar haya, kafin azahar yana ƙofarmu, tsoho mai dogara sanda. Iyakar nisan ke nan.

Ulu ne kawai tsakanina da su, don haka na ji komai. Bayan ya yi kukansa ya juya wurin surukinsa.

"Suruki, me ya hana a gaya mini? Da ko a doki ne na zo na ɗauke ta."

Na ɗaga gefen ulun na leƙa. Sagindik ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya fito da ƙyalle a ƙulle, ƙasa ce daga bakin idon ruwan gidansu, har da danshinta. A al'ada shi ne zai zuba ta a kabarin. Ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya kamo hannun Sannu-Sannu, hannun da baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba, ya ɗora masa.

"Ungo," ya ce. "Kai ka ce za ka kai ta gida. Kai ta."