Digirin Ɗana da Buhun Shinkafa

Ni ban yi boko ba. Rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi. Na bar ƙauyenmu a ƙasar Maraɗi gemuna baƙi ƙirin, yau furfura ta cinye shi a Riyad, cikin wani sito a Sulai inda muke sauke buhunan shinkafa da katan-katan na man girki daga manyan motoci. Sulai unguwar situna ce da garejoji da ɗakunan leburori. Babu abin kallo.

Ɗana na fari shi ya yi karatun. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Duk abin da ke raina game da shi ta kuɗin makaranta ya bi. A wurin kawunnansa a Nijeriya ya tashi, can ya shiga jami'a. Da na tambaye shi a waya me yake karantawa, ya faɗi suna da Turanci, bakina bai taɓa kama shi ba. Ya ce karatun yadda gwamnati ke tsara abin da za ta yi wa jama'a ne. Ni kalma ɗaya na ji: gwamnati. Na ce shi ke nan, wanda ya koyi ɗinki tela yake zama, wanda ya karanci gwamnati kuwa gwamnati ce za ta ɗauke shi.

Na faɗa a ɗakinmu, aka sa mini Baban Minista. Akwai wani tsoho ɗan Damagaram da gadonsa ke kallon nawa, in na dawo ina dafe da ƙugu sai ya ce in yi haƙuri, minista na nan tafe da mota mai sanyi. Ina zaginsa, amma ina jin daɗi. Hutun da ya kamata in je gida sau da yawa a sito na yi shi, don makaranta ba ta jira.

Yaron ya gama. Aka turo mini hoto, doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu. Sai neman aiki. A Nijeriya aka nemi takardar asalin ƙaramar hukumarsa, shi kuwa ubansa ɗan Nijar. A Yamai aka ce da Faransanci ake aikin ofis, kuma gwamnatin da ya karanta ba tasu ba ce. Ya koyar a wata makarantar kuɗi, abin da suke ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata. Uwarsa ta ce mini ya daina fita sai masallaci.

Na nema masa biza wurin kafilinmu, mai siton da ya tsaya mana a ƙasar. Ta lebura ce, ita kaɗai ake samu. Dukanmu a ɗakin mun yarda cewa hanyar shigowa ce kawai, in ya iso ya nuna takardar digirinsa za a mai da shi ofis. Tsohon ma ya ce ya taɓa jin an yi wa wani haka.

Da ya iso na kai shi wurin mudir, manajan siton, wani ɗan Masar mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Yaron ya sa farar riga, takardar na cikin leda. Mudir ya duba gaba da baya, ya ce masha Allah, suka yi Turanci yana gyaɗa kai. Sannan ya juyo gare ni da Larabcin da nake ji. Ya ce a iƙamar yaron, katin zamansa, lebura aka rubuta, kuma kujerun ofis irin wannan na 'yan ƙasa ne. Na ce to ko albashi a ɗan ɗaga masa saboda takardar. Ya ce da lasisin tuƙa motar ɗaga kaya ya kawo, da yanzu ya ƙara masa. Wannan kuwa bai san inda zai sa ta ba.

Muka fito, na jingina da bango. Yaron ya ce, "Baba, gobe yaushe ake farawa?"

Na ce bayan asuba.

Aka sa shi layinmu. Ranar farko na ga yadda yake ɗaga buhu: ƙafafu a miƙe, ya sunkuya, ya finciko shi da baya. Duk wanda ya daɗe a sito ya san haka ake kashe ƙugu. Gyaran bai wuce magana biyu ba, amma na kasa. Gani nake ranar da na nuna masa yadda ake ɗaga buhu, ranar na amince lebura ne. Muddin ban koya masa ba, baƙo ne mai wucewa. Na riƙa zaɓar motar da ba tasa ba don kada in gani.

'Yan ɗaki sun daina ce mini Baban Minista tun isowarsa. Ba wanda ya hana su. Shirun ya fi tsokanar ciwo.

Wata Juma'a na je unguwar Ulaisha wurin wani ɗalibi ɗan Nijeriya mai karatun addini, don an ce ya san mutane. Ya ce mini gaskiya karatun ba na banza ba ne, akwai masu cin abinci da shi, amma sai an ɗora wani digirin a kai, sai kuma an san wani. Na tambayi digiri na biyun shekara nawa. Ya faɗa. Na lissafa da ƙarfin bayana, na ga ba zai kai ba.

Tsohon ya tare ni muna cin kabsa, dafa-dukan Larabawa, a inuwar mota. "Kai, ɗan Maraɗi, kunya ce ko girman kai? Yaron nan zai karye a gabanka."

Na ce ya koya masa shi mana. Ya ce ya gwada, yaron ya yi masa godiya ya ci gaba da yadda yake yi.

"Ba ni yake jira ba," in ji shi.

Na ci gaba da cin abincina. Sai a sallar la'asar, yaron yana sahun gabana, na ga ya zo tashi daga sujada ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗan tsaya, sannan ya miƙe a karkace. Irin tashin da nake yi. Ni sai da na tsufa a nan na fara shi.

Washegari motar farko na buɗewa na ce, "Kai, zo nan." Ya zo. Na cire gyalen wuyana na ɗaure masa ƙugu tamau, mutane na kallo.

"Buɗe ƙafa. Durƙusa, kada ka sunkuya. Jawo shi jikinka. Gwiwa ce ke tashi, ba baya ba."

Na ɗora tafina a tsakiyar bayansa don ya miƙe. Rigar ta jiƙe, ƙashin duk a waje. Ya ɗaga, buhun ya hau kafaɗa ba gardama.

"Haka, Baba?"

Na ce haka.

Kansa na ja, tun yana ƙarami. Kafin azahar ya iya. Kafin wata ya ƙare ya fi ni. Mai lura da mu ya ce mini ɗanka gwani ne, irinsa ake nema a garin Dir'iyya wurin gine-gine, can an fi biya. Ya koma can, siminti yake ɗauka yanzu, ƙugunsa lafiya lau. Yana tura wa uwarsa kuɗi, ta gyara rufin ɗaki. Mutanen ƙauye na kirana suna yi mini barka, wai karatun yaro ya yi rana tunda ga shi yana aiki a Saudiyya. Ina cewa na gode, Allah ya bar zumunci, in kashe wayar.