Farfesan da Ya Tsaya Mata

A laburaren jami'a, a layin kwamfutocin da ake kallon bidiyon bincike, wata dattijuwa ce zaune kusa da ni. Ta ɗora abin sauraro a kan ɗankwali, tabarau ya zamo har karan hanci. Jan biro ne a hannunta, shi ya sa nake zaton tsohuwar malamar firamare ce ta dawo neman digiri.

Wani farfesa ne ke bayani a bidiyon, tana bin sa da rubutu. Yana zuba, tana tsaki.

"Bawan Allah, yi a hankali mana," in ji ta da ƙarfi, don ba ta jin muryar kanta. "Jibi zan miƙa aikin nan."

Ma'aikaciyar laburaren ta matso tana danne dariya. "Mama, taɓa nan."

Tana taɓawa, farfesa ya ƙame, baki buɗe.

Dattijuwar ta leƙa fuskarsa, ta gyara zama, ta ƙarasa jimlarta a natse, har da ɗigo. Sannan ta dube ni.

"Shekara talatin ina jiran yara su gama rubutu. Yau ga wanda ya jira ni."