Ranar da aka kashe janareta ina tsakiyar aikin Yaya

Shekarar da na gama sakandare na fara zama a shagon kwamfuta na kawuna a Gummi, ina buga wa mutane takardu. Akwai farantin intanet a kan rufin, amma wuta sai ta janareta. Shagon yana jikin masallaci, don haka ƙa'idar Kawu ita ce da ladan ya buɗe baki a kashe injin, ko wane ne ke aiki.

Yayana shi ke kula da shafin wata kwaleji a intanet, inda ɗalibai ke duba ko an ɗauke su. Da wannan aikin yake riƙe da Inna da mu duka. Ranar da sakamako ya fito, shi yana Bukkuyum wajen jana'iza. Ya kira ni daga cikin mota, muryarsa na yankewa, ya ce jama'a sun yi wa shafin yawa har ya daina buɗewa, kuma mutanen kwalejin sun ce in bai gyaru yau ba, za su ba wani aikin.

Ya faɗa mini kalmar sirri, na shiga wurin da ake sarrafa shafin. Ya ce in nemi inda aka rubuta yawan ma'aikatan saba. Ba mutane ba ne, in ji shi, ƙananan manhajoji ne da ke amsa wa masu shigowa, kamar masu awo a rumfar hatsi: in sun yi kaɗan layi ya tsaya, in sun yi yawa rumfar ba ta ɗaukarsu. Na goge lambar da ke wurin, na rubuta wadda ya faɗa, na rage lokacin da kowanne ke jiran baƙo. Ya ce in adana, in danna a sake tayar da su.

"Kada ki taɓa komai sai ya gama," in ji shi. Daga nan sabis ya ɗauke.

Na danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Sai ladan ya kira Azahar, Kawu kuma ya miƙa hannu ta taga kamar kullum. Allon ya yi baƙi.

Ni a lokacin na ɗauka shafin a cikin kwamfutar da ke gabana yake zaune. A raina na kashe ma'aikatan nan ban tayar da su ba. Na roƙi Kawu ya kunna, ya ce, "Ke ɗiyar nan, injin ba ya gaba da salla." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Na yi sallar a bayan kantar shagon, amma ban san surar da na karanta ba. Fuskar Inna kawai nake gani.

Ana sallamewa wayar ta yi ƙara. Yaya ne, sun isa Anka. Na fara kuka ina ba shi haƙuri, na ce wuta ta ɗauke aikin bai gama ba.

"Wace wuta? Yanzun nan suka kira ni, shafi na ta gudu."

Da ya gane abin da nake nufi sai ya yi ta dariya har na ji wata mata a motar na tambayar ko lafiya. Ya ce sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a ciki, tana wata ƙasa da ko shi bai taɓa zuwa ba, saƙona ya isa tun da na danna, janaretan Kawu bai shafe ta ba.

Kawu ya dawo ya ja igiyar injin. Na buɗe shafin, ya fito tas. Wata dattijuwa ta miƙo takarda in buga mata, na karɓa na fara bugawa. Har yau in zoben nan na juyawa, kunnena yana wajen masallaci.