Kadri Mai Taurin Yarda

A unguwar Tremont kowa ya san Kadri da taurin yarda. Mutumin zangon Kumasi ne, ya zo New York yana saurayi, furfura ta same shi yana tuƙin tasi. Ba ya shiga adashi, ba ya tsaya wa kowa a banki. Idan aka kawo masa wata harka mai riba, sai ya sosa gemu ya ce a bari ya kwana da maganar. Washegari amsar a'a ce. Abokansa na masallaci suna yi masa tsiya. Matarsa Tahiratu kuwa tun tana jin haushi har ta gane cewa wannan halin ne ya kai 'yarsu Sumaya makarantar aikin jinya, ya kuma tara musu abin da suka fara gini da shi a gida.

Canjin ya shigo a hankali, kuma da fari daɗi ya yi mata. Kadri ya koma mai yawan dariya. Ya sayo mata leshi ba sallah ba biki. Duk wanda ya haɗu da shi a ƙofar gida sai ya tsaya sun yi hira.

Wata rana ta dawo daga gidan tsohuwar da take kula da ita, ta tarar yana waya da Turanci, fuska a sake.

"Maigida, da wa kake magana?"

"Abokina ne. Zai juya mana kuɗinmu a intanet, su ninka kafin azumi."

"A ina ka san shi?"

"Shi ya kira ni. Mutumin kirki ne, daga muryarsa ma za ki gane."

Nan take ta kira 'yarta. Kafin ita da Sumaya su isa banki, abin da ya rage na ginin ya tafi. Ta yi kuka, ta faɗa masa maganganun da ba ta taɓa faɗa ba. Shi kuwa murmushi ya yi, ya ce mutumin zai dawo da su. Wannan murmushin ya fi asarar tsorata ta. Ba a jima ba ya miƙa wa wani fasinja makullin motarsa, ya dawo gida a ƙafa.

Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce wata mace ce. Sumaya ta dage sai an je asibiti. Likitar da ta duba shi ta nuna musu hoton ƙwaƙwalwarsa, ta ɗora yatsa a wajen goshi. Ta ce nan ne mutum yake auna haɗari, yake jin wani bai kwanta masa ba, kuma a ƙwaƙwalwar Kadri wurin yana ƙanƙancewa.

"Ba wauta ba ce, ba kwaɗayi ba ne," in ji ta. "Cuta ce. Ba mu da maganin da zai mayar da shi yadda yake."

Tahiratu ta dubi mijinta. Yana ta yi wa likitar godiya, yana gayyatarta cin tuwo.

Yanzu ya bar tuƙi. Katin banki da wayarsa suna hannun Sumaya. Ginin Kumasi ya tsaya a tsayin taga, Tahiratu ta ƙara aikin Asabar da Lahadi. Idan za ta fita, maƙwabcinsu Mutaru ne yake zama da shi a benci, bakin titi. Kowace safiya takan sa masa 'yan canji a aljihu, domin ranar da ya laluba bai sami abin ba mutane ba, kuka yake yi. Kafin la'asar ya rabar.