Neman Kwaɗon Baba a Hanyar Durba

Muna idar da sallar asuba muka bar gida a Kano, gari bai gama wayewa ba. Yaya Habibu ne ke tuƙi, Babanmu yana gefensa an kwantar masa da kujera, ni da 'yata Ummi muna baya.

Ba yawon buɗe ido ne ya fito da mu ba. Tun bazara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba a garinmu Durba, muka ɗauko shi afujajan zuwa asibiti, daga nan ya zauna a wurina. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Da damina ta yi nisa sai ya fara ture abinci, yana ramewa muna kallo, kuma kalma biyu kaɗai yake maimaitawa: "Kwaɗo. Durba." Na yi masa kwaɗon zogale, na yi na rama, har na latas irin na 'yan birni, duk ya kau da kai. Yaya Habibu ya ce hannuna ne bai iya ba, na ƙauye Baba yake so. Na ji haushi, amma na ɗauki mayafina.

Karfi

Duk mai tafiya da iyali ta wannan hanya, kada ya wuce Karfi da damina. Tun kafin mota ta tsaya ƙamshin gasasshiyar masara ya riga ya shigo. Masu talla suka yanyame mu.

"Hajiya, ga mai ruwa-ruwa! Yanzu na sauke ta!"

Na zaɓi mai laushi na sa wa Baba a hannun hagu. Mutumin da a da ba ya wuce nan sai ya ci biyu, ya jujjuya ta, ya miƙa wa Ummi. Na tambayi mai masarar ko za a sami kwaɗo.

"Da sassafen nan? Sai dai ku ƙarasa Rano, Hajiya."

Bunkure

Kafin mu shiga gari muka tarar da shinge. Wani jami'i ya leƙo, ya ga Baba, ya ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi," ya ɗaga mana hannu. Gaba kaɗan muka tsaya a bakin gonakin shinkafa don a gyara wa Baba zama. Wuri ne mai daɗin tsayawa, kore shar iya ganinka, ga iska mai sanyi. Ummi ta sauka, can sai ga ta a guje.

"Mama, ga kwaɗi nan cike da ruwa! Ko irinsu Kaka yake so? In kamo masa?"

Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon, sai da na juya na share ido. Amma da aka tashi mota ya koma kan maganarsa.

Rano

Da hantsi duwatsun Rano suka bayyana, manya a kan ƙanana kamar an jera tukwane. Ummi ta so hawa, na ce sai dai ta hau da ido. Kusa da tasha muka sami wata dattijuwa da robar kwaɗon rama. Gaskiya ta iya, ƙuli-ƙulin ya ji daka, ga albasa ga yaji. Yaya Habibu ya ɗebo da kansa yana washe baki.

"Baba, ga na gaske. Ba irin na Hajara ba," ya ce yana nuna ni da baki.

Baba ya rufe baki gam.

"To Yaya," na ce, "ita ma hannunta ne bai iya ba?"

Ya cinye rabonsa ya haɗa da na Baba. Na yi nasara a gardama, amma raina a jagule yake, don tun jiya cokali uku na kunu ne kaɗai a cikin tsohon nan. Yaya ya ce mu ratse ta Rurum, yana jin labarin wata mai kwaɗon zogale a Sabon Garin Rurum ɗin. Baba ya buga ƙofar mota da hannun hagu, ya ce, "Durba!" Maganar Rurum ta mutu a nan.

Kibiya

A Kibiya muka sha inuwa a gindin wata tsamiya, wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri. Ni da Ummi muka sha har muka yi nak. Daga nan gero da dawa suka sa mu a tsakiya, ba a ganin komai sai ganye da sama. Inda ruwa ya ɓata hanya wani ɗan acaɓa ya wuce gaba yana nuna mana wurin bi.

Durba

Inna Tabawa ce ta tarbe mu, matar marigayi Baffa, ƙanin Baba. Ita da 'ya'yanta suna gidan gado, Baba ne ke ciyar da su. Kullum muka yi waya sai ta ce lafiya lau, komai ƙalau. Da na gan ta na tsorata da ramarta. A tsakar gida yara sun kewaye akushi, ganyen tafasa ne aka kwaɗanta da ɗan barbaɗen ƙuli-ƙuli.

"Yaya, ga shi nan!" na ce. "Na tafasa yake nufi!"

Na ɗebo na kai wa Baba. Ya dubi ganyen, ya dubi yaran, sai hawaye. Ya ja rigar Yaya Habibu yana nuni da hannu. Yaya ya tallafe shi, ya bi inda yake nunawa, har bayan gida, ƙofar ɗakin hatsi. Wani ƙaton kwaɗo ne rataye a jikinta, ya yi tsatsa. Baba ya kama shi ya jijjiga.

"Kwaɗo," ya ce.

Ashe ranar da ciwo ya kama shi ɗakin a kulle yake, kuma shi kaɗai ya san inda makulli yake. Ya sake nuni, aka kai shi zaure, aka zura hannu a wani rami a saman ƙofa, sai ga makulli a ƙulle cikin tsumma. Da aka buɗe, buhunan gero da dawa ne a jere, ba wanda ya taɓa su.

"Haba Inna!" Yaya Habibu ya ce. "Kuna cin ganye ga hatsi a gida? Ai da kun sa guduma kun fasa! Ko ki gaya mana a waya!"

Inna ta sunkuyar da kai.

"In gaya muku kuna fama da asibiti? Kuma mu fasa kwaɗon Malam yana raye? Sai ka ce mun fitar da rai da shi. Na ce wa yaran su yi haƙuri, mai ɗakin zai dawo ya buɗe da kansa."

Inna ta auno dawa, aka kai inji, kafin la'asar an sauke tuwo da miyar kuka. Na kawo wa Baba nasa ya ƙi, yana bin yaran da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai da ƙaramin cikinsu ya suɗe hannu ya tashi, sannan Baba ya juyo gare ni ya buɗe baki. Na ba shi loma, na ƙara, na ƙara.

Komowa

Washegari da muka shirya, Baba ya riƙe tabarmarsa ya ƙi motsi. Muka yi shawara, muka bar shi a hannun Inna da babban ɗanta, na nuna musu yadda ake ba shi magani. Mun iso Kano da azahar, kujerar gaba ba kowa, kuma ba mu tsaya ko'ina a hanya ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na kuma gode wa Inna Tabawa, wadda ta yi damina guda da yunwa don kada a yi wa Babanmu abin da ake yi wa mamaci.