Kwanar da Ta Hana Makara Juyawa

Malam Abatcha magini ne a tsohon garin Kazaure, irin maginan da ba ruwansu da tef na awo, sai kamu da taku. Daga Borno kakansa ya zo, kuma a wurinsa zuri'arsu ta gaji ƙa'ida guda: kowane lungu sai an bar masa faɗin da makara za ta wuce da mutum huɗu, a kuma lanƙwasa katangar kwana don ta samu juyawa. Shekara hamsin yana yaɓe da gyaran katangun unguwarsu, bai taɓa cin ko taƙi ɗaya na hanya ba.

Bara sai ga Alhaji Zaharadeen, ɗan unguwar da ya yi arziki a Abuja, ya rushe gidan gadonsu na bakin kwana zai tayar da bene. Ya turo katangar bulo kamu biyu cikin lungu, da kusurwa mai kaifi.

Abatcha ya same shi ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma fa ka ci hanyar makara."

Alhaji ya ce, "Haba Baba! Injiniya ne ya auna, ga takarda. Ai babur na wucewa."

Babur! Kai ka ce a kan babur ake kai mutum kushewa. Abatcha ya je wajen mai unguwa, aka ba shi haƙuri. Ya je ofishin filaye, wani ma'aikaci mai jan biro ya ce ya nuna lungun a taswira. Lungun da ya girmi kakan mai tambayar, wai shi ne ba shi da shaida.

Da damina Hajja Dela, maƙwabciyar Abatcha, ta rasu. Aka ɗauko ta, aka zo kwana, makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka sake gwadawa, ina! Ƙarshe sai da aka ɗaga kanta sama aka karkata ta, mutum biyu na tallafe da gawar don kada ta zame. Tsohuwar da ko muryarta ba a taɓa ji a waje ba, ita aka yi wa wannan tozarci. Abatcha na biye, hawayen takaici na zuba a gemunsa.

Bayan addu'ar bakwai ya kulle gidan da aka haife shi, ya kwashe kayansa zuwa wajen ɗansa Hussain a sabuwar unguwa.

Hussain ya ce, "Baba, lafiya? Ko jikin ne?"

Ya ce, "Lafiyata ƙalau. So nake dai ran da tawa ta zo a fitar da ni a kwance, kamar kowa."