Rabin Cokali a Hanyar Rogo

Ranar Asabar ce, ta farko a hutun damina, shekarar da nake aji huɗu. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, muka fito daga Kurugu ni da Inna da Baba za mu gaida kakata a Rogo. Inna na ɗauke da ƙullin daddawa da kwalbar man gyaɗa, ni kuma an rungumar da ni wani jan zakara ɗaure da tsumma a ƙafa, sai fizge-fizge yake yi. Baba na gaba cikin farar rigarsa ta zuwa Juma'a, biro a soke a aljihun ƙirji. Ban taɓa ganin ya bar gari ba tare da biron nan ba.

Duk shekara muke wannan tafiya da zarar an gama maimai a gonar gyaɗa. Na fi ɗokinta a kan sallah, don kwana bakwai ne babu surfe, babu jan guga, babu kai kunu gona da hantsi. Baba kuwa bai ɗauke ta hutu ba. Yakan ce, "Hanya ma makaranta ce, ki buɗe idonki." Daga tashar Ƙaraye zai sa ni a gefen taga. Duk allon da muka wuce, na makaranta ne ko na asibiti ko na injin niƙa, sai na karanta masa da ƙarfi. In na yi tuntuɓe a wata kalma, nan take zai gyara mini, ya sa in maimaita sau uku. Saboda haka a filin makaranta, in muna 'yar carafke yara suna fariya da iyayensu, ni abin da nake cewa shi ne babu rubutun da babana ba ya karantawa, har na Turanci.

A bas ɗin ranar, wata mata ta zauna kusa da Inna da jariri a cinya, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Suka gaisa, ta ce matar maƙeri ce, a wani ƙauye za ta sauka kafin a kai Rogo. Can ta ciro kwalbar magani da 'yar takarda manne a jiki. Ta ce mai kemis ya yi mata bayani, amma kukan yaron ya ɗauke mata hankali. Ta dubi biron Baba, ta roƙe shi ya taimaka ya duba mata.

Baba ya karɓa, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya miƙo mini ya ce ga jarrabawar yau. Rubutun a karkace yake. Na gane "cokali", na gane "sau 3". A tsakaninsu akwai wasu zane-zane biyu a jingine, sai lamba 2 a ƙasansu. Ban san me suke nufi ba. Na ce, "Cokali biyu, sau uku," ina kallon bakin Baba, ina jira ya gyara mini yadda ya saba. Sai ya gyaɗa kai ya ce daidai ne. Matar ta yi ta sa mini albarka har ta sauka.

Bayan azahar muna tsakar gidan kaka ana gasa mana sabuwar masara, Kawu Sale, ƙanen Inna da ke koyarwa a firamare, ya tambaye ni abin da na koyo a hanya. Na ba shi labari ina hura hanci, har na ɗauki tsinke na zana masa rubutun a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya sunkuya ya duba, ya ce ai wannan rabi ne, rabin cokali. Na ce ba haka ba ne, Baba da kansa ya duba ya ce daidai.

Inna ta ajiye maficin da ke hannunta. Ta dubi ƙofar zaure inda Baba yake hira, ta rage murya.

"Binta, babanki bai iya boko ba."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa take yi. Da na ga ba wanda ya taya ni, sai na ajiye masarar. Ji na yi kamar an ce mini gidanmu ba namu ba ne. Ban dawo hayyacina ba sai da na ji Kawu yana tada babur, Baba kuma yana tsaye a kaina ba hula. Ya ce in taso, ni na faɗa, shi ya tabbatar, don haka tare za mu je.

Aka sa ni a kan tankin babur, Baba a baya. Kawu ya yi ta ratsa kwatamin ruwa, taɓo na fallatsa mana. Ƙarar guduma ce ta kai mu gidan maƙeran. Matar ta fito da fara'a, ta ce ai maganin ya karɓi yaron, tun da ta ba shi cokali biyun yake ta barci, ko tarin ya daina. Kawu ya ɗaga hannun yaron ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma. Aka kira sunansa, aka girgiza shi, da ƙyar ya buɗe ido ya sake rufewa.

Kawu ya kwashi uwa da ɗa zuwa asibitin Rogo. Muka rage ni da Baba da maƙerin da maƙwabtan da suka taru. A gabansu duka Baba ya cire takalmi ya tsuguna.

"Bawan Allah, laifina ne, ba na yarinyar nan ba. Ban iya karatun boko ba, ajami nake rubutawa da biron nan. Kunya ce ta hana ni cewa ban sani ba a gaban 'yata. Ku yafe mini."

Maƙerin ya kama hannun Baba ya tashe shi, ya ce a jira abin da Allah zai yi.

A ƙafa muka koma Rogo, kuma a hanyar ne ya gaya mini sauran. Mahaifinsa ya hana shi shiga boko. Da aka sa ni a makaranta, sai ya riƙa tambayar direbobi abin da ke jikin kowane allo tsakanin Ƙaraye da Rogo, yana haddacewa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya haddace karatun allonsa, don kada in yi kuskure ba mai gyara mini. Ina jin sa, amma na kasa ɗaga ido in kalle shi. Haushi da tausayi suka cakuɗe mini har muka isa.

Yaron ya farfaɗo da la'asar sakaliya. Ma'aikacin asibitin ya ce da an ƙara masa na biyu, da labarin ya sha bamban. Washegari aka sallame shi, Baba ya kai musu zakaran da muka kawo wa kaka.

Daga ranar, kalmar "ban sani ba" ta daina yi wa Baba nauyi, ya riƙa faɗinta a gaban kowa har ƙarshen rayuwarsa. Ni ce na ɗauki watanni kafin in sake sakin jiki da shi, abin da nake nadamarsa har yau.

Yanzu ina zaune a Kano, 'ya'yana in ba su gane abu ba waya suke tambaya, ba ni ba. Jaririn nan ya zama magidanci, yana walda a bakin titin ƙauyensu. Bara na tsaya na sa ya gyara mini ƙafar murhu. Ya kira ni Hajiya, ya yi aikinsa da kyau, bai san ni ba, ni ma ban gaya masa ba. Na tsaya ina kallon hannun nan nasa yana riƙe da ƙarfe gam, ina ta son a ce Baba na kusa ya gani.